Hukuncin Ƙungiyar Direbobin Manyan Motoci A Shari'a

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, a watan Satumba na 2025 ƙungiyar ma'aikatan man fetur ta NUPENG ta shiga yajin aiki saboda saɓanin da ya auku tsakaninta da matatar Dangote a kan direbobin sababbin tankoki, ko za su shiga ƙungiya ko kuwa a'a. Yajin bai daɗe ba aka sasanta, amma ya bar tambaya a bakin jama'a: shin ya halatta Musulmi ɗan ƙwadago ya haɗa kai da abokan aikinsa don su fuskanci wanda ya ɗauke su aiki?

Direban da ke cin albashi a ƙarƙashin mai mota, malaman fiƙihu suna kiransa ajiri keɓantacce, watau wanda aka yi ijarar lokacinsa don mutum guda. Ibn Abi Zaid ya nuna a cikin Risala cewa ijara tana inganta ne idan an yanke mata ajali, an kuma ambaci lada. Malamai sun ƙara da cewa irin wannan ajiri amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. To, a dubi abin da ke faruwa a tasha. Direba ya yi lodi a Legas, ya kwana huɗu ko biyar bisa hanya kafin ya iso Kano, taya ta fashe a rami, sai a cire kuɗinta daga albashinsa. Kuɗin hanya kuma ba a rubuce yake ba, yau kaza, gobe ƙasa da haka. In ya ɗaga murya, sai a karɓe makulli a miƙa wa wani, don masu jiran aiki sun fi motocin yawa. Haƙƙin da Shari'a ta ba shi yana nan, ƙarfin karɓarsa ne ba shi da shi.

A nan ne ƙissar Hilful Fuduli take da amfani. Wani baƙo daga Zubaida ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya saya ya hana shi kuɗi. Baƙon ya bi manyan gari, ba wanda ya kula shi, domin Asi mai ƙarfi ne. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubaisi ya kai kukansa da babbar murya. Zubairu ɗan Abdul Muɗɗalibi ya tashi, aka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'anu, aka yi rantsuwa za a tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka har a mayar masa da haƙƙinsa, aka kuwa je aka karɓo wa baƙon kayansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci wannan zama yana saurayi, kuma bayan Annabci ya yabe shi, ya ce da za a kira shi zuwa ga irinsa a cikin Musulunci da ya amsa. Abin lura, waɗanda suka ƙulla alkawarin nan ba Musulmi ba ne a lokacin. Saboda haka ba a hana direba Musulmi zama ƙungiya ɗaya da direban da ba Musulmi ba, muddin gaskiya suka taru a kai. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta yi umurni da taimakekeniya a kan aikin kirki da taƙawa, ta hana ta a kan zunubi da ƙetare haddi.

Abin ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya a warwatse, madugu ne ke magana da yawunsu gaban sarakunan da ake ratsa ƙasarsu. Dokar ƙasa kuma ta yarda: sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa ikon shiga ƙungiyar ƙwadago, gyaran dokar ƙungiyoyi na 2005 kuwa ya ce shigar ganin dama ce. Mai mota ba shi da hurumin hana direba, shugaban ƙungiya ba shi da hurumin tilasta masa. Ga shi masu motocin da kansu suna da tasu ƙungiyar, watau NARTO, abin da suka halatta wa kansu kuwa ba su haramta shi ga yaransu ba.

Amma fa halaccin yana da iyaka, a nan ne kuma ƙungiyoyi da dama suke tuntuɓe. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa taimakon ɗan'uwa in shi ne azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Direban da ya tsiyaye mai ya sayar a Tafa, ko ya sha ƙwaya ya afka wa jama'a, in ƙungiya ta tare masa don kawai ɗanta ne, ta bar Hilful Fuduli ta koma ƙabilancin Jahiliyya. Haka kuma kuɗin da mamba ya yarda ya riƙa biya halal ne, matuƙar ana bayyana inda ya tafi. Wanda ake ƙwata da gora a bakin hanya daga hannun wanda bai shiga ƙungiyar ba kuwa, shi ne makasu da hadisai suka yi tir da mai karɓarsa.

Game da yajin aiki, wanda aka saɓa wa sharaɗin ijara yana da damar janye aikinsa har a cika masa, bayan an nemi sulhu an rasa. Sai dai ya ajiye makulli tun motar ba ta ɗauki kaya ba. Wanda ya ɗauko shanu daga Potiskum ko tumatir daga Kadawa amana ce a wuyansa sai ya sauke, ba ya halatta ya yashe su a daji don an busa usur a hedkwata. Gindaya tirela a tsakiyar titi ya fi wannan muni, gama mai naƙuda da ke cikin motar baya ba ita ta riƙe albashin kowa ba, kuma in wani ya cutu a dalilin haka, alhakin yana kan wanda ya gindaya da wanda ya ba shi umurni.