GAYYAR KWAMFUTA DA RABON SABON SHIGA A CIKINTA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙaraye ko Rogo ya san gayya. Idan noma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya gayyato samarin gari, kowa ya zo da fartanyarsa, a dafa abinci, makaɗa su yi kiɗa, kafin la'asar an nome gonar da mai ita zai yi mako guda bai gama ba. To, ɗaliban jami'a masu karatun kwamfuta su ma suna da tasu gayyar, wadda Turawa ke kira hakaton. Nufina a nan in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu yadda ake yin ta, da dalilin da ya sa bai kamata ɗan ƙauye ya ji tsoronta ba.

Asalin kalmar

Kalmomi biyu na Turanci aka haɗa. Ta farko tana nufin ƙirƙiro dabara cikin hanzari, ta biyu kuwa sunan tseren nan ne mai nisan kilomita 42. Watau dai aiki ne na dogon numfashi cikin gajeren lokaci. An fara jin kalmar a 1999, sa'ad da mutum goma masu rubuta manhajar OpenBSD suka taru a birnin Calgary na ƙasar Kanada don su yi aiki wuri ɗaya. A 2009 ɗaliban Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka fara shirya tasu, daga nan abin ya bazu cikin jami'o'in duniya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ita ma ta fara shirya irin wannan gasa ta kwana biyu a 2012.

Yadda ake gudanar da ita

Galibi akan fara ran Juma'a da yamma ko Asabar da safe, a tashi ran Lahadi. Da farko masu shiri za su faɗi fannin da ake so a duba, kamar noma, ko lafiya, ko ilmi. Sa'an nan ɗalibai su kasu ƙungiya ƙungiya, mutum uku zuwa biyar. Kowace ƙungiya ta zaɓi matsala ɗaya tak, ta duƙufa a kanta. Akwai malamai da manyan ɗalibai da ke zagayawa, wanda ya kakare su nuna masa hanya. Ran Lahadi kowace ƙungiya za a ba ta 'yan mintoci ta nuna wa alƙalai abin da ta gina yana aiki.

Bari mu ɗauki misali daga gida. Manomi ya dafa rakensa a Rogo, ya ɗauro mazarƙwaila zuwa kasuwa, alhali bai san nawa ake sayar da ita a Kano ba, sai abin da dillali ya faɗa masa. Ƙungiya tana iya cewa za ta gina manhajar da za ta riƙa aika wa manoma farashi ta gajeren saƙo. A nan aiki ya rabu huɗu. Ɗaya ya rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi. Ɗaya ya tsara yadda saƙon zai fito da Hausa mai sauƙi. Ɗaya ya yi ta gwadawa yana neman kurakurai. Na huɗu ya shirya bayanin da za a yi wa alƙalai. Ku duba, cikin huɗun nan mutum ɗaya ne kaɗai ake bukatar ya ƙware a rubuta manhaja. A gayya ma ai ba kowa ke gaban kunya ba, akwai mai kawo ruwa, kuma gobe shi ne gwani.

Abin da ɗan ƙauye ya fi sauran

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda ya girma a birni zai iya ɓata kwana biyu yana gina abin da sai babbar waya da intanet mai ƙarfi yake aiki. Yaron Rogo kuwa ya san irin wayar da ke aljihun babansa, ya san akan yi kwanaki babu wutar caji, ya kuma san tsofaffi da yawa sun fi son a faɗa musu magana da murya a kan a rubuto musu. Yarinyar Ƙaraye ta san halin masunta da masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Wannan sani ba a koyar da shi a aji, kuma shi ke raba manhaja mai amfani da ta ado.

Ko tana haifar da wani abu?

Gaskiya ita ce, yawancin abubuwan da ake ginawa a kwana biyun nan ba su wuce ranar Litinin. Ribar da ta tabbata ita ce koyo: yin aiki da mutane, cika alkawarin lokaci, da tsayawa gaban jama'a ba tare da rawar murya ba. Amma jefi jefi akan dace. A 2011 cibiyar Co-Creation Hub ta Legas ta shirya irin wannan zama kan harkar mulki, a nan aka haifi BudgIT, ƙungiyar da Oluseun Onigbinde ya jagoranta, wadda ta shahara wajen fassara kasafin kuɗin gwamnati zuwa zane da lissafi mai sauƙi yadda talaka zai gane. A Amurka kuma, manhajar hira ta GroupMe a hakaton aka fara ta a 2010, shekara ta zagayo kamfanin Skype ya saye ta.

Kira ga iyaye

Wasu iyaye da sun ji yaro zai kwana biyu a gaban kwamfuta sai gabansu ya faɗi, su tuna da 'yan damfarar intanet. Tsoron nan yana da dalili, gama dokar Nijeriya ta 2015 ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu kutse da zamba ta kwamfuta. Amma gayyar da muke magana a kai a fili ake yin ta, a gaban malamai da alƙalai. Abin da ya dace uba ya yi shi ne ya tambayi wa ya shirya, ina za a yi, wane malami ke lura, ina kuma 'yan mata za su kwana. In amsa ta gamsar da shi, ya sa albarka, kuma kada a hana 'ya mace abin da aka bar wa ɗan'uwanta.

Shiri tun daga yanzu

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai son karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, sai ya riƙe Lissafi da Turanci da Fiziks da kyau. In ya sami kwamfuta ko waya, ya soma da Scratch, wadda aka yi domin yara kuma kyauta ce, daga nan ya wuce zuwa Python. Wanda bai samu ba ya ajiye ɗan littafi, ya riƙa rubuta matsalolin da yake gani a kasuwa da gona da asibitin garinsu. Ranar da ya shiga jami'a aka kira gayya, littafin nan shi ne fartanyarsa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfani garuruwanmu da shi, amin.