Shin Manyan Maduban Hangen Nesa Za Su Gano Taurarin Niyutiron?

Wani mai sauraronmu daga wani ƙauye kusa da Ɗambatta yana tambaya: shin akwai na'urar da za ta iya hango tauraron niyutiron?

To malam, akwai, amma da kyar. Shi wannan tauraro gawar babban tauraro ne da ya tarwatse. Faɗinsa kusan kilomita 20 ne kawai, bai ma kai nisan Ɗambatta zuwa Kano ba, amma ya fi rana nauyi. Ƙanƙantarsa ta sa haskensa ya dushe ƙwarai, shi ya sa aka fara gano shi ta igiyar rediyo a 1967, aikin Jocelyn Bell a Ingila.

Idan ka fita gona da daddare lokacin sanyi ka ga Kaza da 'Ya'yanta, to a wannan sashe na sama akwai irin wannan tauraro guda, mai juyawa sau 30 a daƙiƙa. An ga ƙyaftawarsa a 1969.

Yanzu Turawa na gina madubi mai faɗin mita 39 a dutsen Armazones na ƙasar Chile, inda babu hazo irin namu. Da shi ake fatan auna zafin waɗannan taurari da tafiyarsu, har waɗanda a yau ba a iya gani.