"Sai Masu Gida": Nazarin Kirarin Ƙungiyar Kano Pillars ta Fuskar Ma'ana da Tarihi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe suna bibiyar kirarin sarakuna da na mafarauta da na 'yan dambe, amma har yanzu ba a ba kirarin filin ƙwallo irin wannan kulawa ba. Wannan maƙala ta ɗauki kirarin ƙungiyar Kano Pillars, wato "Sai Masu Gida", domin ta nuna cewa kalmomin uku da'awa ce ta mallaka, wadda tarihin ƙungiyar ya gaskata a wani zamani, ya kuma jarraba a wani.

An kafa Kano Pillars a shekarar 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Gwamnatin jihar Kano ce ke ɗaukar nauyinta, kuma filinta shi ne na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Sunanta na rajista na Ingilishi ne, amma sunan da jama'a suka raɗa mata Hausa ce tsantsa.

2.0 Ƙirar Kirarin

Harafin "sai" a nan na keɓancewa ne. Idan aka ɗora shi a gaban suna ba tare da aikatau ba, yana kore kowa ya bar ɗaya, kamar yadda aka ji a taken siyasa na "Sai Baba" lokacin zaɓen 2015. Mai sauraro ne ke cike abin da aka shafe: babu mai nasara a nan, sai wane. Gajartar ce ta sa dubban bakuna ke iya furta shi a numfashi guda.

Yankin "masu gida" ya fi buƙatar tsayawa. Masu sharhin wasanni a rediyo suna da kalmar da suke kiran ƙungiyar da ake wasa a filinta, wato "masu masaukin baƙi". Magoya baya ba su ɗauke ta ba, kuma a ganin wannan nazari akwai dalili. Mai masauki nauyi ne a kansa: ya tarbi baƙo, ya shimfiɗa masa, ya ciyar da shi. Maigida kuwa iko ne a hannunsa. Shi ke faɗa a ji, kuma ba a shiga zaurensa sai da sallama. Wannan ya dace da tsohon kirarin birnin, "Kano ko da me ka zo an fi ka", wanda shi ma baƙo yake fuskanta. Haka nan jam'in "masu" bai fayyace su wa ake nufi ba. 'Yan wasa goma sha ɗaya ne, ko 'yan kallo, ko Kanawa baki ɗaya? Rashin fayyacewar ne ke ba ɗan kasuwar Kantin Kwari damar shigar da kansa ciki.

3.0 Kirarin a Ma'aunin Tarihi

Akwai lokacin da kirarin ya zama bayanin gaskiya. Ƙungiyar ta lashe gasar Firimiya ta Nijeriya a 2008, sannan sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. Daga 2003 ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida a wasan lig ba, har sai da Nasarawa United ta yi mata ci 2 da 1 a 2015. A zamanin ne Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, aka kuma san Gambo Muhammad da Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele.

Sai dai babbar bajintar ƙungiyar ba a gida ta faru ba. A gasar zakarun Afirka ta 2009 ta yi kunnen doki 1 da 1 da Al Ahly a wasan farko, ta je Alƙahira ta tashi 2 da 2, ta fitar da mai riƙe da kofin da yawan ƙwallon waje. Wadda ta tsayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe 'yar gida ce, Heartland ta Owerri. Kofin ƙalubale na 2019 ma a Kaduna aka ɗauko shi, bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo daga baya. A 2021 ƙungiyar ta riƙa karɓar baƙinta a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Da ta koma Kano a 2022, hargitsin da aka yi a wasa da Katsina United ya jawo mata tara, aka kuma mayar da wasanninta Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, ta dawo a 2023. A nan ma'anar kirarin ta juya wa masu shi: ikon da wasu 'yan kallo suka ɗauka kirarin ya ba su a kan baƙo, shi ya raba ƙungiyar da gidan. Al'adar Bahaushe ba ta taɓa raba ikon maigida da haƙƙin baƙonsa ba, kirarin ne ya ɗauki rabi ya bar rabi.

Duk da haka ba a daina furta shi a Kaduna ko Abuja ba, inda ƙungiyar take baƙuwa a zahiri. Wannan na nuna cewa "gida" ya tashi daga ma'anar fili mai katanga ya koma ma'anar asali, kamar yadda Bakano mazaunin Legas ke cewa zai je gida da Sallah.