Daga Dangwale Zuwa Na'ura: Nazarin Aikin Na'urar Haƙo Kirifto da Kalmomin Gyaranta a Yanayin Gwarzo da Kabo

Tsakure

Kalmar “mainin” ta shigo bakin Hausawa ne ta wayar salula, alhali a asalinta sunan wani aiki ne da na'urori na musamman suke yi. Wannan maƙala ta bambance ma'anonin biyu, ta bayyana ƙirar na'urar haƙo Bitcoin da matsalolin da za ta fuskanta idan aka kafa ta a Gwarzo ko Kabo, sannan ta gabatar da kalmomin Hausa da za a iya koyar da gyaranta da su. An dogara ga bayanan da maƙeran na'urar suka fitar, da farashin lantarki na hukuma, da kalmomin masu sana'o'in injina. Maƙalar ta gano cewa akasarin matsalolin na'urar daga muhalli suke tasowa, kuma farashin wuta ne yake yanke hukuncin riba ko asara tun kafin a kunna ta.

Fitilun Kalmomi: kirifto, haƙo, dangwale, ƙirƙirar kalmomi, Gwarzo, Kabo

1.0 Gabatarwa

Garuruwan Kabo da Gwarzo suna yammacin Jihar Kano, a kan hanyar da ta tashi daga birni ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, ta nufi Dayi a Jihar Katsina. Yanki ne na noma da kasuwanci, wanda matasansa suka rungumi wayar salula kamar takwarorinsu na sauran ƙasar Hausa. Ta wannan kafa ce manhajar Pi, wadda aka ƙaddamar ranar 14 ga Maris 2019, da wasan Hamster Kombat na shekarar 2024, suka shigo da kalmar “mainin”. Daga nan harshe ya yi nasa aikin: aka sami “'yan baiwa” ga masu jiran Pi, aka kuma faɗaɗa ma'anar “fashewa” ta koma ranar da kuɗin zai shiga kasuwa.

Matsalar ita ce kalma ɗaya tana ɗauke da abubuwa biyu mabambanta. Matashin da ya saba samun maki ta hanyar taɓa waya yana iya zaton cewa sayen na'ura ƙarin mataki ne a kan abin da ya sani, ya sayar da amfanin gona ko dabbobi ya zuba a ciki. Bayanan da za su fahimtar da shi kuwa galibi da Ingilishi suke. A nan ne aikin manazarcin Hausa ya shigo.

2.0 Bambancin Dangwale da Haƙo

Wannan maƙala ta kira aikin waya “dangwale”, domin abin da mai shi yake yi shi ne taɓa fuskar waya, kamfani kuma ya rubuta masa maki. Wayar ba ta yin wani lissafi mai nauyi. Darajar makin tana hannun masu manhajar, kamar yadda aka gani ranar 26 ga Satumba 2024, lokacin da aka raba kuɗin Hamster Kombat, jama'a da dama suka tarar abin da suka samu bai kai abin da suka sa rai ba.

“Haƙo” kuwa shi ne aikin da tsarin Bitcoin ya ginu a kai tun da ya fara aiki a watan Janairu 2009. Ana tattara cinikayyar jama'a a shafi guda na wani kundi da kowa yake iya dubawa. Kafin a rufe shafin, sai na'urori sun yi gasar canki-canka don gano wata lamba da za ta cika sharaɗin tsarin. Wanda ya riga dacewa shi ne da lada. Ana rufe shafi ɗaya a kusan kowane minti goma, wato kimanin shafi 144 a yini. Bayan kowane shafi 2,016, kusan mako biyu ke nan, tsarin yakan daidaita tsaurin gasar gwargwadon yawan na'urorin da suka shigo. Ladan kuma yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara huɗu. A watan Afrilu 2024 ya sauko zuwa Bitcoin 3.125 a kowane shafi.

Zaɓen kalmar “haƙo” yana da wata fa'ida. A rubuce tana nuna tono abu daga ƙasa, tana kuma nuna zaman dako da ɗana tarko, kamar a “yana haƙon sa”. Dukkan ma'anonin sun dace da na'urar da take aiki ba dare ba rana tana jiran dace.

3.0 Ƙirar Na'urar da Sunayen Sassanta

Tun daga shekarar 2013 haƙo ya koma hannun na'urorin da ake kira ASIC, waɗanda aka ƙera don lissafi iri ɗaya tak. An ɗauki Antminer S19 Pro ta kamfanin Bitmain na ƙasar Sin a matsayin misali, saboda yaɗuwarta a kasuwar na hannu. Tana canka tiriliyan 110 a kowace daƙiƙa, tana jan wuta wat 3,250, ƙararta kuma ta kai desibel 75, wadda ba a iya kwana kusa da ita. Ga sassanta da sunayen da ake ba da shawara:

i. Allon ƙwayoyi: guda uku ne, kowanne ɗauke da ƙananan ƙwayoyin lissafi 114 da aka jera kamar carbi.

ii. Allon umarni: shi yake karɓo aiki daga intanet ya rarraba wa allunan.

iii. Akwatin wuta: yana karɓar lantarki mai ƙarfin bolt 200 zuwa 240 ya sauke shi zuwa abin da ƙwayoyin suke buƙata.

iv. Fankoki: guda huɗu, biyu suna zuƙo iska ta gaba, biyu suna fitar da ita ta baya.

v. Mazuƙan zafi: ƙarafa da aka ɗora a kan ƙwayoyin.

vi. Kundin rahoto: shafin da na'urar take rubuta duk abin da ya same ta, wanda ake karantawa ta kwamfuta.

Na'ura ɗaya ba ta da ƙarfin cin gasa ita kaɗai, don haka masu haƙo sukan haɗa ƙarfi a raba lada. Da farko kalmar “gayya” takan zo a zuciya, amma a gayya taimako ake yi wa mai gona, ba a raba amfanin. “Haɗaka” ta fi dacewa, tun da kowa yana karɓar rabo daidai da aikin na'urarsa.

4.0 Matsaloli da Hanyoyin Gano Su

4.1 Zafi

An ƙera na'urar ta yi aiki a iskar da ba ta wuce digiri 40 ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin Kano yakan kai wannan mizani ko ya haura, balle a shagon da aka rufa da kwano. Kusan duk wutar da na'urar ta ja zafi take komawa, tamkar an kunna dutsen guga uku an bar su. Alamar “ɗaukar zafi”, kamar yadda masu gyaran janareta suke faɗa, ita ce fankoki su tsananta ƙara, sannan na'urar ta kashe kanta. Maganin shi ne raba hanyar iska: bakin na'urar ya fuskanci inuwa, bayanta ya fita ta kafar bango, don kada ta sake shaƙar zafin da ta fitar.

4.2 Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yakan kawo sanyi, amma tare da ƙura. Ƙurar takan toshe tsakanin mazuƙan zafi, sai a ga na'ura tana zafi a tsakiyar sanyi. Haka nan ƙaiƙayin sussuka da garin injin niƙa, waɗanda ba a rasa su a garuruwan noma. Idan damina ta zo, ƙurar da ta taru takan sha laima ta ci allo. Ana buƙatar matata a mashigar iska, da bushe na'urar da abin hura iska bayan an zare ta daga wuta, a kuma riƙe fikafikan fanka kada iskar ta juya su fiye da kima.

4.3 Wuta

Wat 3,250 a kan bolt 230 yana nufin amfiya 14, alhali soket na gida amfiya 13 yake ɗauka. Wajibi ne a ja wa na'urar layinta da waya mai kauri, da makatsin wuta nata, da sandar ƙasa saboda tsawar damina. Raunin wuta, wanda aka saba gani a ƙarshen dogon layi ko inda transifoma ta yi wa unguwa kaɗan, yakan hana akwatin wuta tashi. Dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa kuwa takan ƙona shi.

4.4 Intanet

Na'urar ba ta cin data mai yawa, amma tana son layi marar yankewa, kuma ta waya ake jona ta. Idan sabis yana rawa, aikin da ta kammala yakan isa ga haɗaka a makare a ƙi karɓa. A wannan hali fankoki suna juyawa, mita tana gudu, lada kuwa yana zubewa.

4.5 Tsarin Bincike

Ƙa'idar ita ce a fara daga waje a shiga ciki: a auna wuta, a duba iska, a duba wayar intanet, sannan a karanta kundin rahoto. Idan ya nuna fanka ɗaya ba ta juyawa, na'urar ba za ta fara aiki ba har sai an canza ta. Idan ya nuna an ga ƙwayoyi ƙasa da 114 a wani allo, to zaren carbin ya tsinke a daidai inda ƙidayar ta tsaya. Kafin a yanke hukunci, sai a kashe na'urar a sauya wa allon mazauni da wayar da ta haɗa shi da allon umarni. Idan cutar ta bi allon, nasa ne. Idan ta tsaya a mazaunin farko, laifin waya ne ko allon umarni. Sauya ƙwaya aikin ƙwararre ne mai kayan gwaji, ko da yake masu gyaran waya da suka iya ɗaga ƙananan sassa da iska mai zafi sun riga sun mallaki rabin sana'ar.

5.0 Lissafin Riba da Asara

Na'urar tana cin yunit 78 a awa 24. A watan Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo wajen naira 209. A kan wannan farashi, kuɗin wutar yini ɗaya ya kai naira 16,302.

A ɗaya ɓangaren, shafi 144 a kan lada 3.125 yana ba da Bitcoin 450 a yini ga duniya baki ɗaya. A ƙarshen 2024 ƙarfin na'urorin duniya ya ninka na wannan na'ura fiye da sau miliyan shida, don haka rabonta bai wuce Bitcoin 0.00007 ba. A watan Disamba na shekarar, lokacin da Bitcoin ya fara haura dala 100,000, wannan rabo kimanin dala 7 ne, wato wajen naira 10,500 a canjin naira 1,500. Ke nan a Disamba 2024 na'urar tana faɗuwa da kusan naira 5,800 kullum, a lokacin da kasuwa take kan ganiyarta, ba a ma sa kuɗin saye da gyara ba. A lissafin wancan lokaci, sai yunit ya sauko ƙasa da naira 135 kafin ta mayar da kuɗin wutarta. Rukunonin da suka fi sauƙin farashi kuwa awoyin wutarsu kaɗan ne.

Sola ma ba ta sauƙaƙa lamarin ba. Idan aka ƙaddara awa biyar na rana mai ƙarfi, ana buƙatar faranti 32 masu wat 500. Awa 16 da babu rana sosai suna buƙatar yunit 52 daga batura. Batirin bolt 12 mai amfiya 200, wanda rabinsa ake sha don ya yi ƙarko, yunit 1.2 yake bayarwa, wato batura fiye da 40 don na'ura ɗaya. Tsofaffin na'urori masu arha sun fi muni: Antminer S9 ta 2016 tana cin wutar da ta ninka ta S19 Pro sau uku a kan aiki iri ɗaya.

Inda haƙo ya zauna a Afirka, rarar wutar ruwa ce ta zaunar da shi, kamar a gandun dajin Virunga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tun 2020, da kuma ƙasar Habasha. Madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye tana maƙwabtaka da yankin da ake nazari, amma ko an sami wuta daga irinta, gidaje da asibitoci da noman rani sun riga na'urar haƙo a layi. Ta fuskar doka, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairu 2021, ya janye hanin a Disamba 2023. Ashe shingen da ya rage ga mai haƙo na lantarki ne.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dangwale da haƙo ba abu ɗaya ba ne, kuma haɗe su a kalmar “mainin” yana iya jawo wa mutum asarar jari. Ta nuna zafi da ƙura da raunin wuta da rawar sabis su ne manyan abokan gabar na'urar a Gwarzo da Kabo, kuma duk ana iya bayyana su da kalmomin da masu janareta da injin niƙa da gyaran waya suke amfani da su. Kalmomin da aka gabatar shawara ce. Karɓuwarsu tana hannun masu sana'a. Ana ba da shawarar manazarta su shiga shagunan gyara na waɗannan garuruwa su tattara kalmomin da ke bakin masu aiki, gidajen rediyo kuma su riƙa bambance kalmomin biyu. Ga mai niyyar sayen na'ura, abin da ya kamata ya fara sani shi ne nawa yake sayen yunit ɗaya na wuta, kuma awa nawa yake samunta a yini.