Wasiƙa Ga Ɗan Ƙanwata Mai Aikin Manhaja a Legas

Ɗana,

Mahaifiyarka ta kawo mini ƙararka. Ta ce Sallar bara da ta bana ba ka leƙo gida ba, in ta kira ka kana taro ta bidiyo da Turawan Amurka har sha ɗayan dare, Asuba kuwa sai rana ta fito. Ta kuma ce ka sake sauya kamfani saboda an yi maka alkawarin muƙamin babban injiniya. Na yi niyyar jero maka nasihohi, amma bari in fara da maganar da ta fi tsaya mini a rai.

Ka faɗa mata cewa a wurin aikinku ku 'yan gida ɗaya ne. Ana ba ku abincin rana kyauta, akwai ƙwallon tebur, oga ma da sunansa kuke kiransa. Madalla da kyautatawa. Amma ka tuna 2022. A watan Oktoba Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44, kwanaki kaɗan bayan haka ya sallami kusan rabin ma'aikata 7,500. Wasu ba su san an kore su ba sai da imel ɗin aiki ya ƙi buɗewa. Ofishinsu na Accra, wanda shi kaɗai suke da shi a Afirka, bai daɗe da buɗe ƙofa ba guguwar ta kwashe kusan kowa a ciki. A watan Nuwamba Meta ta rage mutum 11,000. Tun 2019 ma Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san sauran.

Ni a masaƙa na yi ƙuruciyata, a Kakuri ta Kaduna, lokacin da jiniyar canjin aiki ke cika titi da kekuna. Maigidana a sashen gyaran injuna wani dattijo ne da ko takardar firamare ba shi da ita. In inji ya fara gardama, sai ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya kanga kunne a ƙotar, ya rufe ido. Can sai ya nuna da leɓe: boris ɗin hagu ne. A kwance, a tarar da shi kuwa ya ci. Ba ya yabon yaro. Idan ka ɗaura noti a karkace, gaban kowa zai sa ka kwance, ka sake, shi kuma yana tsaye a kanka da goronsa a kumatu har ka gama. Mun sha tsine masa a zuci. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Da masaƙun suka durƙushe, yaransa suka watsu Panteka da garejoji, kowa ya ci gaba da ciyar da iyali. Waɗanda ke yawo da fayil da babban muƙami su ne suka zauna a gida suna jiran haƙƙinsu.

Ku kuwa yaran yanzu, ko shekara ba ku cikawa a wuri. Ana ƙara muku kuɗi kaɗan sai ku tattara. Yaushe za ka zauna da manhajar da ka rubuta har ka ga inda ta lalace a hannun mutane, ka gyara da kanka? Wane babban injiniya ne bai taɓa kwashe ɓarnar da ya yi ba? Kuma aikin da ya hana ka sallah a kan lokaci, ya hana ka ɗaga wayar uwar da ta haife ka, ina albarkarsa take? Wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce, kuma ka sani.

Ban ce ka bar aikin ba, halal ɗinka kake nema. Ka gaya wa oganka lokutan sallarka, ka riƙa ajiye wani abu daga albashi. Sannan ka rubuto mini: wa yake duba aikinka a sabon wurin nan, ya mayar maka ka sake in bai yi ba? In babu kowa, ka nemi irin mutumin nan ka liƙe masa, ko da ya fi kowa zafin rai a ofishin.

Kawunka.