Yadda Kuɗi Ke Ƙetare Iyaka Ba Tare da Sun Motsa Ba

A zamanin nan ba abin mamaki ba ne a sami saurayi zaune a ɗakinsa a Kano ko Maraɗi yana yi wa wani kamfani na ƙasar Jamus fassara, ko budurwa tana zana wa wani ɗan kasuwa na Dubai tambarin hajarsa, alhali ba su taɓa yin ido biyu da masu ba su aikin ba. Da an gama aiki sai a tura shi ta intanet, nan take ya isa. Amma ladan aikin, wanda shi ma ba kome ba ne illa lambobi a cikin kwamfuta, yakan yi kwana biyu ko uku a hanya, in ya iso kuma a tarar an gutsire shi. To, mene ne dalili?

Saƙo ke tafiya

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara fahimta shi ne, kuɗin ba sa zuwa ko'ina. Fatake sun daɗe da sanin haka. Ɗan kasuwar Kano da ke son biyan bashi a Maraɗi ba lalle ne ya cika jaka da kuɗi ya kama hanya ba. Yakan miƙa naira ga ɗan canjin da ya amince da shi, shi kuma ya aika wa abokin hulɗarsa na Maraɗi cewa a ba wane sefa kaza. Nairar tana nan Kano, sefar kuwa dama a Maraɗi take. Saƙo ne kawai ya ƙetare iyaka, sai kuma bashin da ya shiga tsakanin 'yan canjin nan biyu, wanda zai warware ranar da wani ya aiko daga Maraɗi zuwa Kano.

Bankuna ma haka suke yi, sai dai da rubutu da doka. A shekarar 1973 bankuna 239 daga ƙasashe 15 suka kafa ƙungiyar SWIFT a Beljiyam domin aika irin wannan saƙo, kuma a yau cibiyoyin kuɗi fiye da 11,000 ne ke amfani da ita. SWIFT ba ta riƙe wa kowa ko kwabo, umarni kawai take isarwa.

Matsalar ita ce, ba kowane banki ne ke da asusu a wurin kowane banki ba. Bankin da ke Jamus bai san bankin saurayin nan na Kano ba, don haka sai ya bi ta hannun wani babban banki a Landan ko New York, wani lokaci ma ta hannu biyu ko uku. Kowanne sai ya bincika ko ba kuɗin haram ake son halastawa ba, kowanne yana da lokutan aikinsa da ranakun hutunsa, kowanne kuma sai ya cire ladansa. Ɗaliban kimiyyar halittu sun san wannan siffa daga darasin sarƙar abinci: daga ciyawa zuwa fara, daga fara zuwa ƙadangare, daga ƙadangare zuwa shaho, kimanin kashi ɗaya cikin goma na kuzari ne ke tsallakawa a kowane mataki. Cin bankuna bai kai haka muni ba, amma ƙa'idar ɗaya ce, wato gwargwadon tsawon sarƙa, gwargwadon ƙarancin abin da na ƙarshe zai samu. Bayan wannan kuma ga ragin da ido bai cika gani ba, wanda ke ɓoye a cikin farashin da aka canza kuɗin zuwa naira.

Ƙididdigar Bankin Duniya ta shekarun nan ta nuna cewa aika dala 200 daga wata ƙasa zuwa wata yana cin kimanin kashi 6 cikin 100, idan kuwa zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ne, abin yana kusa da kashi 8. Dala 16 ke nan. Ƙididdigar ta shafi masu aikowa gida ne, amma ƙaramin ma'aikacin intanet ma a wannan rami yake. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin a rage shi zuwa ƙasa da kashi 3 kafin 2030, ga alama kuma da sauran rina a kaba.

Gajarta sarƙa

Abin lura shi ne, a cikin gida an riga an magance matsalar. Kenya ta sami M-Pesa tun 2007, Nijeriya kuma ta fara tsarin biya na nan take tsakanin bankuna a 2011. Saura a haɗa tsarin wannan ƙasa da na waccan. Singafo ta haɗa nata da na Tailan a 2021, sa'an nan da na Indiya a 2023. A Afirka kuwa, a watan Janairun 2022 aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a birnin Akara, ƙarƙashin jagorancin bankin Afreximbank, domin mai saye ya biya da naira, mai sayarwa ya karɓi sidi, ba tare da an bi ta New York ba. Sai dai idan kayan da wata ƙasa ke saye sun fi waɗanda take sayarwa, dole a cike giɓin da kuɗi masu ƙarfi irin su dala. Kuma tsarin na cikin Afirka ne, bai tsinana wa mai yi wa Bajamushe fassara kome ba.

Shi wannan, kamfanoni irin su Payoneer da Wise ne suka fara share wa irinsa hawaye. Dabararsu ta 'yan canji ce sak: suna da asusu a ƙasashe da yawa, su karɓa a can, su biya a nan.

Hanyar da ta fi jan hankalin matasa ita ce ta kuɗin kirifto. A nan babu sarƙar bankuna, littafin lissafi guda ne wanda kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, kuma ba ya hutun Asabar da Lahadi. Bitcoin, wanda ya fito a 2009, darajarsa hawa da sauka take yi kamar zazzaɓin cizon sauro, bai dace da biyan lada ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro masu tsayayyar daraja, irin su USDT na 2014, inda wani kamfani ke alkawarin cewa kowane ɗaya yana da dala ɗaya a ajiye. Alkawari kuwa amana ce, wato ba a rabu da amana ba, an dai sake mata mazauni. A watan Mayun 2022 wani mai suna TerraUSD, wanda ba shi da isasshiyar ajiya ta haƙiƙa, ya rushe cikin 'yan kwanaki, ya tafi da dukiyar mutane. Bugu da ƙari, wanda ya yi kuskuren lamba ko ya faɗa hannun ɗan damfara ba shi da manajan da zai kai wa kuka. Hukumomi ma sun yi ta kai-kawo: Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a 2021, ya janye hanin a Disambar 2023, Amurka kuma ta kafa doka a 2025 da ta tilasta wa masu fitar da irin waɗannan kuɗi su ajiye cikakken madadinsu.

Duk da haka, mai shinkafa a kasuwa naira ko sefa yake karɓa. A jikin ɗan'adam jini yana gudu da sauri a manyan jijiyoyi, amma a 'yan ƙananan jijiyoyin da suka fi gashi siranta ne iska da abinci ke shiga tsoka. Haka nan kome saurin kuɗi daga Turai, a matakin ƙarshe na canji ne ake ci ko a cuci ma'aikaci, kuma nan ne za a gane tsarin da zai ɗore. Saboda haka kafin ya zaɓi hanya, lissafin da ya wajaba a kansa shi ne naira nawa za su shiga hannunsa, ba ladan da aka rubuta a talla ba.

Malami na iya gwada wannan a aji. A raba ɗalibai gida biyu, a sa ɗalibai uku a tsakiya a matsayin bankuna, a ba ɓangare ɗaya ƙwayar wake ɗari su aika, kowane banki ya cire uku. Sa'an nan a janye biyu daga cikin bankunan, a sake aikawa, a ƙirga waken.