Ƙwayar harsashi ta nutse cikin kwanso: a harba ko a ajiye?

A Amurka, inda doka ta yarda maharbi ya sake cika kwanson harsashinsa da kansa, ana yawan kawo wannan kuka: mutum ya zaro harsashi daga bindiga ya tarar ƙwayar ta nutse cikin kwanso fiye da yadda ya dasa ta. Amsa a taƙaice: kada a harba shi.

Idan ƙwaya ta nutse, filin da albarushi zai ƙone a ciki ya ragu, matsin da ke tashi a cikin bindiga kuma na iya zarce kima. Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade wa nau'o'in harsashi da yawa iyakar tsawo da iyakar matsi. Tsawon na .308 Winchester, misali, ba ya wuce inci 2.810. Wanda ya yi wasa da wannan ma'auni, idonsa da yatsunsa ya sa a caca.

Abin da ke riƙe ƙwaya tun farko shi ne damƙar wuyan kwanso. Kwanson da aka cika sau da yawa wuyansa kan yi tauri har ya tsage, kuma matse masa baki ba zai gyara shi ba. A jefar da shi.

Matse bakin kwanso yana da wurinsa. Bindigar Winchester 1894 mai cin .30-30 tana jera harsasai a bututu, wani na tokare wani, don haka duk harbi sai turin bindiga ya buga su. Nan matsewa dole ce, haka ma manyan harsasan farauta irin .375 H&H. Masu harbin gasa da ke sa harsashi ɗaya-ɗaya kuwa galibi ba sa matsewa.

Idan za a matse, a tabbata ƙwayar tana da tsagin da aka yi domin haka, kwansunan kuma tsawonsu ɗaya ne. Matsewa fiye da kima tana lanƙwasa kafaɗar kwanso har ya ƙi shiga bindiga.

A auna kowane harsashi, a bi littafin kamfanin da ya ƙera ƙwayar, a sa tabarau na kariya. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ko mallakar harsashi ba tare da lasisi ba. Duk wanda ya tsinci harsashi, ya bar shi inda yake, ya sanar da 'yan sanda.